Kunnen Raƙumin Dawa

Shekara talatin da biyu na yi ina riƙe da alli, goma sha ɗaya daga ciki ina shugaban makaranta, kuma a tsawon wannan zamani babu shekarar da ta wuce ban tsaya gaban allo na shaida wa 'ya'yan mutane cewa raƙumin dawa bebe ne ba. Haka malaminmu ya karanta mana, haka muka haddace, haka ni ma na bayar. Ban taɓa ganin dabbar da idona ba, sai zanenta a littafi, ta miƙa wuya tana cin ganye. Amma da yake ni mutum ne mai son cika magana, sai na ƙara wani abu daga kaina. Nakan ce, tun da bebe ne, to lalle kurma ne, gama ba a taɓa ganin beben da yake ji ba. Yara su rubuta, in bi layi in duba, in sa musu maki da jan biro.

Bayan na ajiye aiki na zauna a gidana na Kwamba, wata unguwa a Suleja, wanda na gina tun unguwar tana da sauran fili, kafin gidajen haya da shaguna su kewaye ni. A gidan hayar da ke manne da katangata aka sami sabon baƙo, wani dattijo Kirista daga ƙasar duwatsun Filato, wanda ya biyo 'yarsa mai aiki a Abuja. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, maganarsa ƙasa-ƙasa, sai ka karkata kai kafin ka ji shi. Tun yana saurayi har ya tsufa a gidan namun daji na wani babban birni ya yi aiki, kuma mafi yawan shekarun nan a garken raƙuman dawa ya yi su. Ya saba fitowa bayan la'asar ya zauna a bencin ƙofar gidana, inda ni da tela da mai shagon magani muke taɓa hira. A wannan benci, in an yi gardama, maganata ce takan zama ta ƙarshe. Ba ni na nemi haka ba, amma ban taɓa ƙi ba.

Ranar da ya faɗi aikinsa na ji daɗi ƙwarai, don na ga an zo fagen da na sani. Na gyara babbar riga, na ce, “Ashe da bebaye ka ƙare rayuwarka. Aiki mai sauƙi ke nan, dabbar da ba ta ji, ba ta magana.”

Ya dube ni a natse ya ce, “Malam, wa ya gaya maka ba ya ji?”

“Littafi.”

“Littafin nan ya taɓa kai masa abinci?”

Tela ya fashe da dariya har allurar da ke bakinsa ta faɗi. Ni ban yi dariya ba. Dattijon kuwa bai lura da fuskata ba, ko kuma ya lura ya share, ya ci gaba da bayani. Ya ce kunnen raƙumin dawa ba ya hutawa. Kowane ɗaya yana juyawa da kansa, wannan ya fuskanci gabas, wancan ya fuskanci yamma. Ya ce baron da yake tura musu ganye da shi yana da wata 'yar ƙara a ƙafa, kuma tun yana bayan ɗakin ajiya, inda ba za su iya hango shi ba, sukan bar abin da suke yi su taru a wurin da ake rataya rassa. In abokin aikinsa ne ya turo nasa baron, wanda na kwashe kashi ne, ko motsawa ba sa yi. Ya ce mabuɗansa a cikin tsumma yake ɗaure su, don kacau ɗaya a lokacin da ba su zata ba ya isa ya sa babba ya zabura, kuma dabba mai wannan tsawo in ta zabura ta zame, ba lalle ne ta sake tashi ba.

“Dokar farko da aka koya mini,” in ji shi, “ita ce ba a shiga wurinsu shiru. Tun daga nesa za ka fara magana. Ni ne, na zo shara. Ni ne, zan buɗe ƙofa. Ba sai sun gane kalmar ba, muryar suka sani. Shirunsu ne yake ruɗin mutane, Malam. Masu zuwa kallo su tsaya suna ihu, suna buga ƙarfen shinge don ya juyo. Ya ƙi juyowa, su ce ai kurma ne. Alhali da za su dubi kunnen, da sun ga tuni ya juya wajensu. Kuma ba bebe ba ne sarai. Yana huci, yana da wani gunji can ƙasa, wanda sai wanda ya daɗe da su yake ji.”

Na ce, “To, mun ji, Sarkin Raƙuma.” Da wannan na rufe zancen, sunan kuma ya bi shi a unguwa.

Da na shiga gida na tarar da uwargida tana tsince kalwa a faifai. Sana'arta ke nan tun muna da ƙuruciya: matan Maje su kawo mata kalwa, ta dafa, ta yi daddawar da har daga cikin gari ake aikowa saye. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Malam, yau an ba ka darasi kyauta.”

Na ce, “Ke kuma a ina kika ji?”

“Taka muryar ai har masallaci ana jin ta. Tasa ce na sha wahala, sai da na dakatar da faifai.”

Haka take. Ba ta taɓa musu da ni a gaban mutane ba, amma in mu biyu ne takan saki kalma guda ta ci gaba da aikinta, ta bar ni ina neman amsa.

Damina biyu bayan wannan, wata safiya tana sauke tukunyar kalwa daga murhu, ta yanke jiki ta faɗi. Hawan jini ne, wanda ta daɗe tana fama da shi. Mako biyu muka yi a asibiti, aka sallamo mu da ita ɓarin damanta ya shanye, harshe kuma ya tafi ɗungum. Idanunta a buɗe, amma rufin ɗaki suke kallo. Zan faɗi gaskiya ko da ta kā da ni: likitan da ya sallame mu ya ce mu riƙa yi mata magana. Na ɗauki wannan a matsayin irin lallashin da likitoci suke yi wa iyalin mara lafiya. Na kira ta sau biyu ko uku a kwanakin farko, da ƙarfi, kamar mai kiran wanda ke ƙetaren rafi. Ba ta juyo ba. Sai na yanke hukunci irin wanda na saba yankewa a gaban allo.

Mutanen garinmu ba sa wasa da dubiya. Daga cikin gari, daga Maje, daga Madalla, kullum gidan cike. Bisa al'ada maza a zaure suke tsayawa, amma dattawa da dangi na kusa ni da kaina nake shiga da su har ɗakinta, don ina so a ga yadda na tsaya a kan jinyar, a ga gadon asibitin da aka sayo, a ga tsabtar wurin. Nakan zauna a kujera wajen kanta in ba da bayani dalla-dalla, kamar mai karanta rahoto gaban sufeto: ranar da ta faɗi, abin da hoto ya nuna, abin da ake tsammani. In wani ya rage murya ya ce, “Tana ji kuwa?” sai in ce, “Ina! Ku saki jiki ku yi maganarku. Ba ta san wanda ke kanta ba.” Su kuwa su saki jiki. A gefen gadon nan aka lissafa duk wanda wannan ciwo ya kashe a danginmu. A nan wata ta ba da labarin gwaggonta da ta yi shekara bakwai a kwance har bayanta ya ruɓe. A nan wata ta tambaya, cikin raɗa mai ƙarfi, wa za a bar wa manyan tukwanen daddawa.

Maƙwabcina ya nemi izinin dubiya a mako na uku. Na shige gaba, ina zaton yana biye da ni, sai na ji ya tsaya a bayan labule.

“Mama,” ya ce, da wannan murya tasa ta ƙasa, “ni ne, maƙwabcinku mai raƙuma. Zan shigo.”

Ya ɗan dakata, kamar mai jiran a ce bismilla. Sa'an nan ya shigo, bai zauna a kujerar da na nuna masa ba, ya zagaya ɓarin hagunta ya tsuguna har kansa ya yi daidai da nata. Ya ce mata jar kazarta ta ƙyanƙyashe a bayan tankin ruwansu, 'yan tsaki takwas, ya sa kwando ya rufe su saboda shaho. Ya ce 'yarsa tana gaishe ta, kuma miyarsu ta lalace tun da daddawa ta yanke. Ya ce, “Zan tafi, Mama, sai na sake dawowa.” Ni ina tsaye ina jin kunya a madadinsa, dattijo da furfura yana zuba wa bango labarin kaza.

Da muka fito zaure ya tsaya yana murza hularsa. Ya ce, “Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ka dubi idonta lokacin da na ambaci kazar?”

“Idonta yana inda yake kullum.”

“Ya motsa. Numfashinta ma ya sake. Ni ba likita ba ne, amma aikina ke nan shekara da shekaru, duban wanda ba zai gaya mini komai ba. Ina jin maganganun da ake yi a ɗakin nan ta kan katanga. Ka riƙa fito da su nan zaure.”

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi da shi ba. Na ce, “Matata kake kwatantawa da dabbar jeji?”

“A'a, Malam. Kai nake kwatantawa da masu buga shinge.”

Abin da na mayar masa ba zan rubuta shi duka ba. Na taɓo baƙuncinsa, na taɓo Hausarsa, na ce iliminsa bai wuce baro da tsintsiya ba. Ya saurara har na gama, ya ce Allah ya ba Mama lafiya, ya fita. Daga ranar bai ƙara zama a bencina ba, ni kuma ban aika a kira shi ba.

A wata na uku jinya ta fara cin ƙarfinmu. 'Yarmu da ta zo daga gidan mijinta tilas ta koma, matar da muka ɗauka don ta taya mu kuwa ba ta kwana. Babban ɗanmu, wanda ke zaune a Madalla yana zuwa aiki Abuja, ya kawo shawarar a mai da ita gidansa, matarsa ta kula da ita. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ƙanena ya biyo ni gida, muka zauna a ɗakinta muna shawarar. Ɗakin nan shi ne nata tun ranar da muka tare a gidan. Tagarsa tana duban bishiyar gwaibar da ta shuka da hannunta.

Ƙanena ya ce, “Yaya, kana ganin za ta so a raba ta da ɗakinta?”

Na ce, “Wa za a tambaya? Wadda na zauna da ita shekara arba'in da shida ta riga ta tafi tun ranar da ta faɗi. Wannan da kake gani gangar jiki ce, muna jiran lokacin rufewa ne kawai. Ni kuwa, in gaya maka gaskiya, na gaji.”

Ina wannan magana ina gyara mata bargo. Hannuna yana kan kafaɗarta, bakina bai fi taƙi biyu daga kunnenta ba. Ƙanena ya ce Allah ya sa mu cika da imani, muka tashi muka ci abinci. Ran Lahadi aka sa ta a mota aka tafi da ita.

Surukata, matar babban ɗana, haifaffiyar Suleja ce ta wannan zamani, mai ɗinki, mai yawan surutu, Hausarta rabi Turanci. Na daɗe ina ganin ba ta da irin kunyar da muka sani tsakanin suruka da uban miji. Ta sa aka ajiye gadon a falo kusa da keken ɗinkinta, don kada ta riƙa tashi daga aiki, kuma da yake ba ta iya zama shiru, sai ta mai da mara lafiya abokiyar hira. Kwana goma da tafiyarsu, da hantsi, wayata ta yi ƙara.

“Baba! Baba, wallahi Mama tana ji!”

Na ce ta natsu ta yi sallama tukuna.

“Salamu alaikum, Baba, amma wallahi tana ji. Ina riƙe da hannunta na hagu ina yanke mata farce, na ce Mama in kunu kike so ki matse ni, kawai wasa nake yi fa, sai ta matse. Na ce ko shayi, ta yi shiru. Na juya tambayar, na sake juyawa, sau biyar, Baba, ko mistek ɗaya babu. Na tambaye ta ko atamfar da nake ɗinkawa ta yi kyau, ta ƙi matsewa. Kuma da gaskiyarta, atamfar ba ta yi ba.”

Na sa riga na fita. Na hau keken haya zuwa tasha, na shiga motar Madalla, muka faɗa cikin cunkoson da ba ya rabuwa da hanyar nan. Wanda ke kusa da ni yana ta faɗa da kwandasta, ni kuwa ban san abin da suke cewa ba. Tun daga tasha har muka isa, maganganun da aka yi a ɗakin nan nake bi ɗaya bayan ɗaya: masu mutuwa, gwaggo mai shekara bakwai, tukwane. Duk inda na bi, sai in iso ranar Juma'a. Na yi ta neman hanyar da zan ce wataƙila a lokacin tana barci, ko jin bai dawo ba sai a Madalla.

Na tarar da ita an jingina ta da matasai, an ɗaura mata sabon kallabi. Surukata ta yi ta nuna mini abin kamar mai nuna sabon keke: Mama, yau Alhamis ce? Shiru. Laraba ce? Ta matse. Sa'an nan ta ce, “Mama, ga Baba ya zo, tun daga Kwamba. Bari in ba shi hannun ku gaisa.” Ta ɗauki hannun ta sa a cikin nawa.

Hannun nan ba shi da ƙarfin ɗaga cokali. Amma na ji yatsun sun fara ja da baya, kaɗan-kaɗan, suna goga tafina. Ya ɗauke ta lokaci mai tsawo. Daga ƙarshe hannun ya zame daga nawa ya faɗi kan bargo. Idonta kuwa, wanda na ce rufin ɗaki kaɗai yake kallo, ya juya wajen bango.

Surukata ta ce, “Ta gaji ne, Baba. Tun safe nake damun ta.”

Na ce haka ne. Na san ba haka ba ne.

Washegari na shiga gidan hayar da ke manne da nawa, karo na farko tun da aka gina shi. Na sami maƙwabcina a ƙofar ɗakinsa yana gyaran kujerar roba da waya. Ya miƙe zai ba ni wurin zama, na ce ya bari. Na gaya masa abin da ya faru, har da maganar Juma'a, ban rage komai ba. Bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa, da na fi samun sauƙi, don da na sami abin jin haushi.

Na ce, “Maƙwabci, in an firgita ɗaya daga cikin dabbobin nan naka, har ta ƙi mutum, yaya ake yi?”

Ya ajiye wayar. Ya ce an taɓa kawo musu wata mace a babbar mota, masu sauke ta suka yi ta ihu da buga jikin motar, ta fito tana rawar jiki. Wata da watanni in ta ji muryar namiji sai ta koma ƙarshen garke. Ya ce abin da ya yi shi ne zuwa kullum a lokaci guda. Ya fara magana tun daga nesa. Ba ya tsayawa a gabanta, sai ya zauna a gefe, ya yi ƙasa da kansa. Ba ya miƙa hannu. Yana ba ta labarin duk abin da ya zo bakinsa, har kuɗin makarantar 'yarsa ta sha ji.

Na ce, “Ta dawo?”

“Ta dawo cin ganye ina zaune. Wata rana har ta sunkuyo ta shaƙi hulata. Amma ban san abin da ke ranta ba, Malam, kuma Mama ba raƙuma ba ce, kai ka faɗa. Ita ta gane kalmar, ba muryar kaɗai ba.”

Na fara zuwa Madalla kullum bayan an buɗe hanya daga cunkoson masu tafiya aiki. Nakan tsaya a ƙofar falo in yi sallama in ce ni ne, zan shigo. Surukata ta ba ni kujera 'yar tsugunno, in zauna a ɓarin hagu. A nan na gano wani abu da ya ba ni tsoro: ba ni da maganar da zan yi mata. Na yi wa ɗaruruwan iyaye jawabi ba tare da takarda ba, amma abin da na saba faɗa wa matata shekara arba'in da shida bai wuce ina hulata, an kawo ruwa, baƙi za su zo a ƙara tuwo ba. Ita ce mai kawo hira, ni mai yanke ta. Ranar farko na gaishe ta na yi shiru har surukata ta tausaya mini ta kunna keke. Rana ta biyu na zo da labari a shirye, na tsara shi a mota: gwaiba ta fara nuna, jemagu suna ɓarna, 'yan tsaki shida sun rayu, matan Maje sun zo da kalwa na ce su dakata. Ban nemi hannunta ba.

A mako na uku da fara zuwana na roƙi surukata ta riƙe hannun, ni in yi tambaya. Na ce, “Hajiya, an kawo ki nan ba a tambaye ki ba. Ni na yi wannan. Kina so ki koma ɗakinki?”

Surukata ta ce, “Wayyo, Mama, yatsana!”

Muka mai da ita Kwamba a ƙarshen makon. Surukata ta kwaso kekenta ta biyo mu, ita da 'yarmu suka riƙa karɓa-karɓa. Na sa aka juya gadon ya fuskanci taga. Masu dubiya kuwa a zaure nake tare su, mutanen da na gaya wa da bakina cewa ba ta san wanda ke kanta ba, in ce musu tana ji sarai, wanda zai shiga ya gaishe ta ita, ya ba ta labari mai daɗi, ya fito. Wani tsohon abokin aikina ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Hedimasta, an sake manhaja ne?” Na ce an sake. Maƙwabcina ya koma bencinsa, kuma duk ranar Asabar yakan shiga ya ba ta rahoton kaji.

Sannu a hankali ta fara amsa mini. Da fari ta hannun surukata, daga baya ta bar nata a cikin nawa. A buɗe taga? Ta matse. A kashe rediyo? Shiru. Wannan mai wa'azin ya cika tsawa? Ta matse sau biyu, har na yi dariya ni kaɗai. Na ɗauka hanya ta buɗe. Wata rana da hantsi, surukata ta tafi kasuwa, gidan ba kowa, na zauna a 'yar kujerata na riƙe hannun.

Na ce, “Hajiya, akwai maganar da na yi a ɗakin nan wata Juma'a, ni da ƙanena. Kin ji ta?”

Ta matse.

Na riga na sani. Na ce, “Ƙarya na yi. Ba ki tafi ko'ina ba, ni ne ban duba ba. Gajiyar kuma da na ambata, ban kai rabin wadda kika yi da ni ba. Ina roƙon ki, don Allah, ki yafe mini. In kin yafe, ki matse.”

Idonta yana kaina. Hannun bai matse ba, bai kuma janye ba. Na jira. Mai sayar da ruwa ya wuce da kurarsa, aka tashi 'yan makaranta, aka kira azahar, muna nan yadda muke. Daga bisani na ce, “A ba ki ruwa?” Ta matse nan take.

Wata biyar ta yi a ɗakinta bayan dawowarta. A cikinsu na sake yin wannan roƙo sau biyu, sau ɗaya da azumi, sau ɗaya ranar da jikinta ya tsananta, kuma amsar ba ta sake ba. Ban ƙara na huɗu ba, don na ga kamar ina matsa wa wadda ba ta da bakin cewa in ƙyale ta. Ta cika wata safiya, 'yarmu tana shafa mata mai a ƙafa, ni ina gefenta ina gaya mata wanda ya yi limanci da asuba.

A zaman makoki mutane suka yi ta yaba mini. Malam ya yi jinya, Malam ya yi haƙuri, samari su yi koyi. Na sunkuyar da kai na karɓa, don ba wurin gyara magana ba ne. Bayan an watse na kai wa limaminmu al'amarin. Ya ce barin hannunta a cikin nawa alama ce mai kyau, in kyautata zato. Na gode masa. Amma shi ma bai ce mini an yafe ba, domin ya san abin da na sani: haƙƙin da ke tsakanin mutum da mutum, mai shi ne kaɗai yake sauke shi. Ita kuwa an tambaye ta sau uku, tana ji, tana da ikon amsawa.

Ina yi mata addu'a bayan kowace salla, ina yin sadaka da sunanta. Shekaruna sun yi nisa, tafiyar da ta rage ba mai tsawo ba ce. Ina roƙon Allah, in ya haɗa mu, ya haɗa mu bakinta a buɗe, ta faɗa mini duk abin da ta riƙe, ko da mai zafi ne, in tsaya in saurara har ta gama.